Ranar da Na Bar Ummi Ta Faɗi

Zulai, matata, ita ta matsa mini in rubuta wannan. Ta ce tunda muryata ce ta fi ta kowa ƙarfi lokacin da muke kan kuskure, ita ya kamata ta fi ƙarfi wajen gaya wa mutane kada su bi sawunmu. Ban yi mata musu ba. A gidanmu yanzu, in dai maganar Ummi ce, na daina musu.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, muna zaune ta wajen Dei-Dei inda haya ta fi dama-dama. Ummi ce 'yarmu ta fari. Sunan mahaifiyata na sa mata, wadda ta rasu shekara guda kafin a haife ta, shi ya sa sunanta na yanka ba ya fita daga bakina. Ummi muke ce mata, in na so tsokana kuma in ce Hajiya. Duk wanda aka haifa wa takwarar uwarsa ya san yadda abin yake. Ba ka iya yi mata tsawa, in tana kuka kuwa sai ka ji kamar tsohuwarka ce take kiranka daga ɗaki.

Bakwaini ce. Cikin bai cika wata takwas ba naƙuda ta kama Zulai a aji, tana koyar da 'yan firamare. Ummi ta yi sati uku a kwalba, 'yar mitsitsiya, ina leƙenta ta gilashi ina jin tsoron ko numfashina ya yi mata yawa. Ranar da aka sallame mu likita ya ce mu riƙa kawo ta ana dubawa. Mun je sau biyu. Da na ga tana shan nono tana cika kumatu, sai na ce magana ta ƙare, ba mu da sauran hulɗa da asibiti. Ni na faɗa, Zulai ba ta faɗa ba.

Tana wata huɗu, wata rana na ɗaga ta na ɗora ƙafafunta a cinyata, sai ta miƙe ƙyam a kan 'yan yatsu, ƙafa ɗaya ta haye ɗaya. Wayyo daɗi! Yarinyar da aka ce sai an yi addu'a, ga ta tsaye a wata huɗu. Na ɗauki bidiyo na tura wa dangi, na tura wa 'yan ofis, har mai gadinmu sai da ya kalla. Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune a Zuba wajen ɗanta mai sayar da kayan marmari, ta kira ni tana guɗa a waya.

"Jinin gidanmu ne," in ji ta. "Mu ba ma ɓata lokaci wajen rarrafe. Ubanka ma haka aka ce ya yi."

Daga ranar duk baƙon da ya shigo sai na yi masa wasan tsayuwa. Hannayenta kullum a dunƙule suke, babban yatsa a ciki, in ta kama yatsana ba ta saki. Wannan ma na sa shi a lissafin ƙarfi.

Zulai ce take ganin abin da ni ba na gani, domin ita ke wanka, ita ke sauya kunzugu. Ta ce ƙafafun ba sa buɗuwa sai ta yi da gaske. Ta ce in aka buga ƙofa yarinyar takan zabura ta watsa hannuwa kamar jaririyar sati biyu. In ta juya kai gefe, hannun wannan gefen sai ya miƙe, ɗayan ya lanƙwashe, ko da abin wasa ne a gabanta ba ta iya haɗa hannu ta kama. Abin da ya fi damunta shi ne goyo.

"Abban Ummi, yarinyar nan ba ta goyuwa. Ƙafarta ba ta kama kwankwasona. Kamar taɓarya na ɗaura a baya."

"Ƙarfi ne, Zulai. Ke dai kin saba da 'ya'yan mutane masu laushi."

Ta dube ni. Har gobe in na tuna wannan kallon kunya nake ji.

A wata shida Gwaggo ta zo zaunar da ita kamar yadda aka saba. Ta ɗauko daro, ta jera tsofaffin zannuwa, ta dasa Ummi a tsakiya. Ana sakinta ta banƙare ta yi baya. Aka sake, ta sake. Gwaggo ta ce bakwaini ba a yi masa gaggawa, wasu ma ba sa zama sai dai a ga sun tashi da tafiya. Maganar ta yi mini daɗi, don haka ranar Asabar na tafi kasuwar Utako na sayo keken koyon tafiya, mai ƙararrawa da fitilu. Muka sa ta a ciki tana reto a kan 'yan yatsu, tana tura kanta baya-baya, ni kuwa ina tafi ina cewa Hajiya ta sayi mota.

Rigakafin wata tara ne ya tona mana asiri. Zulai ta je ita kaɗai. Nas ɗin da ke awo ta yi ƙoƙarin buɗe ƙafafun, ta tambaya ko tana zama, ko tana juyawa, sannan ta rubuta takarda ta ce a kai ta babban asibiti. Da yamma na tarar da takardar kusa da kwanon abincina. Na karanta, raina ya ɓaci. Na ce ma'aikatan nan ba sa jin daɗi sai sun nemo wa lafiyayye ciwo.

Zulai ta jira na gama faɗana tsaf, sannan ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa roƙonka komai don darajar marigayiya ba. Yau na roƙe ka."

Washegari muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti ba, Allah Ya sa kada ya sani. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma a kowanne sai an ce maka ba nan ba ne. Mun isa rana ba ta gama fitowa ba, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Amma da muka shiga, likitar, mace ce, ba ta yi mana gaggawa ba, Allah Ya saka mata. Ta lanƙwasa ƙafa, ta buɗe hannu, ta juya kai. Can sai ta ɗauki Ummi ta ciki, ta karkata ta da sauri kamar za ta kifa ta a kan gadon awo. Ban san lokacin da na tashi daga kujera ba.

"Zauna, Malam, ina riƙe da ita. Ka ga hannayenta?"

"Me suka yi?"

"Ba su yi komai ba. Yaro mai wannan watannin in ya ji zai faɗi, hannu yake miƙawa ya tare. Nata ba su fito ba."

Ni da wautata sai na ciro waya na nuna mata bidiyon tsayuwa, don ta san da wa take magana. Ta kalla har ƙarshe. Ta ce, a hankali, "Wannan ba tsayuwa ba ce. Jijiyoyin ne suke ɗaurewa. Shi ne ciwon da kansa." Wata biyar ina yawo da ciwon 'yata a waya ina nuna wa mutane ana yi mini barka.

Hoton ƙwaƙwalwa ya ɗauke mu sati uku, domin injin asibitin ya lalace sai da muka je wani wuri. Da sakamako ya fito likitar ta faɗi sunan da har yau yake kunnena, cerebral palsy. Ta ce wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke aika wa gaɓoɓi saƙo ya samu rauni, wataƙila tun lokacin da ta zo da wuri. Raunin ba ya ƙaruwa, ba ya kuma warkewa kamar zazzaɓi. Amma ƙwaƙwalwar yaro tana iya koyon wata hanyar, in an fara da wuri kuma an dage. Na tambaye ta ko Ummi za ta yi tafiya. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin abin da ba ta sani ba, ta tura mu sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓi. A mota Zulai ta yi kuka, ni kuma na yi ta masifa da masu Keke Napep da ba su yi mini komai ba.

Labari na bazuwa, shawarwari suka fara sauka. Wani ya ce a binne ƙafafunta a yashi da sassafe. Wata ta ce iska ce, a kai ta wani ƙauye bayan Suleja. Gwaggo ta aiko da ɓargon ƙafar sa daga kara, kasuwar shanu, a riƙa shafawa. Duk waɗannan na ɗauke su a matsayin ƙauna, ko da ban bi ba. Wadda ban yafe da wuri ba ita ce matar da ta zo dubiya, ta sha lemonmu, sannan ta ce ai duk laifin aiki ne, mace da tsohon ciki tana tsaye a gaban allo. Zulai tana kicin tana ji. Na raka matar har bakin ƙofa, ban ce ta gaida gida ba. Addu'a kam mun yi, muna kuma yi, ba mu taɓa ganin ta hana zuwa asibiti ba.

A sashen gashi muka haɗu da Madam Rifkatu, 'yar Filato, gajeriya mai babbar murya, kullum a durƙushe kan tabarmar roba ba takalmi. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "shi" ne a wajenta. Na zaci wuta za a sa ko wani inji. Sai na ga ɗaki cike da ƙwallaye da matasai da yara, iyaye mata a jere jikin bango, ni kaɗai ne namiji.

Ta ɗauki Ummi ta yi wasa da ita kusan rabin awa kafin ta ce mana komai. Sannan ta yi bayanin da na fi ganewa a duk jinyar nan. Ta ce kowane jariri Allah Yana haɗo shi da wasu motsi da ba ya neman izininsu: damƙe abin da ya taɓa tafinsa, zabura in ya ji ƙara, miƙe ƙafa in ta taɓa ƙasa. Amfaninsu na 'yan watanni ne, daga nan su tafi su ba motsin ganganci wuri. Na Ummi sun ƙi tafiya, kamar baƙon da ya zo suna ya share wuri ya zauna. Waɗanda kuma ya kamata su zo ba su samu wuri ba, babbansu shi ne miƙa hannu a tare faɗuwa.

"Oga, ka ji ni da kyau. Ranar da ya yi gefe ya sa hannu ya tare kansa, to zama ya zo. In ya zauna da kansa wajen shekara biyu, muna da hope sosai a kan tafiya. Wannan hannun muke nema."

Ta tambayi abin da muke yi mata a gida. Da na ambaci keke sai ta dafe kai.

"Walker? Jesus! Ka fitar da shi yau, ba gobe ba. Kuma wannan tsayuwa da kake yi masa a cinya, ka daina. Kana koya wa ciwo ƙarfi ne."

Ta nuna wa Zulai yadda za ta lanƙwasa gwiwoyin tukuna, ta jira jikin ya saki, sannan ta buɗe cinyoyin ta goya. Ta ce goyon nan na iyayenmu magani ne in an yi shi daidai. Ta nuna mana kwantar da ita rub da ciki a kan naɗaɗɗen tawul, da zaunar da ita a kusurwar kwali. Da Zulai ta yi maganar ɓargon Gwaggo, Madam ta yi dariya ta ce a shafa in ana so, hannu a jikin yaro ba ya ɓaci, amma ban da ja da ƙarfi, ban da murɗawa. Ta ce ita awa ɗaya take ganin Ummi a sati, sauran awoyin duk namu ne, kaɗan-kaɗan sau da yawa, a wanka, a cin abinci, a wasa.

Keken nan ban iya ba ɗan kowa ba. Na kwance farantin ƙararrawar na ajiye mata, sauran na ba 'yan gwangwan.

Sati ukun farko kuka kawai muka saya. Ummi ta tsani kwanciya rub da ciki, tana ganin tawul take fara ihu. Kowace Talata in nemi izini a ofis, mu shiga cunkoson hanyar Kubwa, mu yi awa biyu a layi don awa ɗaya a tabarma. Ogana ya yarda da farko da fara'a, daga baya fara'ar ta ragu, amma bai taɓa hana ni ba, kuma ban manta masa ba. A wata na biyu ta ɗaga kai ta riƙe har na ƙirga goma. A na uku babban yatsan dama ya fito daga dunƙule, ta kama farantin ƙararrawa ta kaɗa, ta tsorata da ƙarar da ita ta yi. Wata rana na dawo na tarar da Zulai tsaye a tsakiyar kicin, miya na tafasa, ita kuma hawaye. Na zaci wani abu ya faru. Sai ta juya mini baya. Ƙafafun Ummi ne zagaye da kwankwasonta, yarinyar ta kwantar da kai tana barci.

Ba kullum ake ci gaba ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, sati biyu ya cinye mana aikin wata guda. Aka shiga yajin aiki, sashen gashi ya rufe sati shida, ba wanda ya damu da cewa yaran nan ba sa jiran a sasanta. Madam Rifkatu ce ta ce mu riƙa tura mata bidiyo, tana kallo tana gyara mana ta waya, ba ta taɓa karɓar ko katin waya ba. Gwaggo ma, da ta ga hannu ya buɗe, ta sauya sheƙa. Ta dawo tana zuwa duk Asabar da ledar lemu, tana kula da ko mun yi aikin Madam, har tana yi mini gyara.

Ummi ta iya juyawa, ta iya jan ciki kaɗan, tana zama in an riƙe ƙugunta. Daga nan sai abu ya tsaya. Shekara ɗaya da rabi, shekara da wata takwas, shekara da wata tara, zama da kanta ya ƙi. Na fara ƙirga watannin da suka rage kafin shekara biyu, abinci ya daina yi mini daɗi. Madam ta ce ba ta gane ba, a wajenta yarinyar tana kusa, me ke faruwa a gida? Ashe Zulai ta riga ta gane. Ta ɗauke ni bidiyo ban sani ba, ina yi wa Ummi aikin zama da yamma, domin wannan aikin ni na karɓe shi tun farko.

Ranar Talata Madam ta kalla, ta sake kalla, ta miƙo mini wayar.

"Oga, kalli hannunka."

Na kalla. Hannayena biyu suna kewaye da Ummi, ko motsi ta yi sun riga sun kama. Ba ta taɓa karkata ko da faɗin yatsa ba.

"Kai ne problem ɗin. Ta yaya zai san ana faɗuwa? Ƙwaƙwalwa da kuskure yake koyo. Ya karkata, ya ji, ya gwada, ya faɗi, gobe ya sake. Kai kana yi masa aikin duka. Me zai sa ya fito da hannu, tunda naka yana nan?"

"Madam, so kike in zuba ido ta faɗi?"

"A kan katifa, da pillow kewaye. Ban ce siminti ba."

Sannan na faɗi abin da ban yi niyyar faɗa ba a gaban matan da ke jikin bango. Na ce sunan mahaifiyata gare ta. Na ce lokacin da tsohuwar take jinyarta ta ƙarshe ina nan Abuja ina jiran a sa mini hannu a takardar hutu, ban riƙe ta ba ko sau ɗaya. Wannan kuma da aka ba ni, ba zan iya kallonta tana faɗuwa hannuna na nan ba.

Madam ta sauke murya, abin da ban taɓa ji ta yi ba. Ta ce, "Sorry, Oga. Allah Ya ji ƙan Mama. Amma wannan ba jinyar tsohuwa ba ne. Wannan yaro ne, yana so ya tashi."

Ranar Asabar Zulai ta kwashe labarin ta gaya wa Gwaggo. Gwaggo ta ajiye lemun da take ɓarewa ta ce in matso. Ta kama gemuna ta ɗaga, kamar ina ɗan shekara biyar.

"Wannan tabon na haɓarka, ka san inda ka samo shi? A tsakar gidanmu, kana koyon tafiya. Uwarka tana tankaɗe, tana kallonka ka tafi ka kifa. Ni na yunƙura zan ɗauke ka ta ce in bar ka, ai ka ga ƙasa, gobe ka san da ita. Matar da ka sa wa yarinyar nan sunanta ba ta raino da tsoro. Kai dai ka cika son jiki, tun kana yaro."

Duk da haka ban iya ba. Ina cewa na bari, hannuna na tafiya da kansa. Zulai ta kore ni daga ɗakin na sati guda, ina leƙe ta taga kamar ɓarawon kaji. Daga baya Madam ta yanke hukunci: in zauna a gaban Ummi, in sa tafukana biyu a ƙarƙashin cinyoyina, in danne. Haka na riƙa yi, babban mutum da gemu zaune a kan hannayensa. Ummi ta karkata, ta tafi, ta faɗa kan matashi. Ba ta jin ciwo, amma sai ta ɗago ido ta dube ni, kallon mai tambayar me ta yi mini. Wallahi layin asibiti da cunkoson hanya duk wasa ne a kan wannan kallon. Sau da yawa in mun gama sai in shiga banɗaki in wanke fuska.

Shekara biyu ta cika, hannu bai fito ba. Ranar ban je aiki ba, ban kuma yi wa kowa magana ba. Zulai ce ta same ni a falo ta ce, "Yarinyar nan ta zo da wuri, ba ta gama kwanakinta a ciki ba. Ka bar ta ta cike su a waje." Madam ma ta ce shekara biyun ba jarrabawa ba ce da ake rufe ƙofa, mu ci gaba.

Sati biyar bayan nan, ranar Asabar da hantsi, Zulai tana suya a kicin, Gwaggo tana alwalar walha, ni da Ummi muna kan katifa a falo. Ina zaune a kan hannayena. Lemu ɗaya ya gangaro daga ledar Gwaggo ya tsaya ta hagunta, gefen da hannun ya fi dunƙulewa. Ta bi shi da ido, ta miƙa wuya, ta karkata. Na ga ta tafi. Na ƙara danne hannayena da cinyoyina. Sai hannun hagun nan ya fita, yatsun suka buɗe, tafin ya sauka a kan katifa. Ta tsaya a haka, a karkace, gwiwar hannun tana karkarwa. Sannan ta tura, ta dawo tsakiya, ta zauna.

Ban yi ihu ba, don kada ta zabura. Na kira Zulai da raɗa, ba ta ji ba, man suya na ƙara. Na sake kira. Kafin ta iso Ummi ta kifa ta ɗaya gefen, tana dariya. Zulai ta ce ba ta yarda ba sai ta gani, ta san ni da ƙarin gishiri a kan yarinyar nan, kuma tana da gaskiya. Muka sake zaunar da ita, Gwaggo ta gangaro da lemu da hannunta. Ummi ta sake yi. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, yarinyar ta zabura ta faɗi, duk muka yi kanta muna dariya muna kuka, ƙosai kuma ya ƙone. Bidiyon da muka ɗauka ranar mutum ɗaya na tura wa, Madam. Ta amsa da murya, tana ihu: "Ya fito! Hannu ya fito! Oga, yanzu ka zama baba."

In kana da jariri, musamman wanda ya zo da wuri ko ya sha wuya wajen haihuwa, ka ga jikinsa ya cika tauri, ko ya cika laushi, hannu a dunƙule bayan watanni, ƙafa tana hawa ƙafa, kada ka yi irin tawa. Ka kai shi a duba, in lafiya ce ba ka yi asarar komai ba sai wuni guda a layi. In uwar ta ce maka yaro ba ya goyuwa, ka saurare ta, bayanta ya fi idonka sani. Watannin da na ɓata ina tafi ba za su dawo ba, kuma ba wanda zai iya gaya mini abin da suka ci mana.

Yanzu Ummi tana da shekara uku da rabi. Tana zama, tana rarrafe irin nata, tana cin tuwo da hannunta tana shafa wa kowa. Surutu kuwa sai an roƙe ta ta yi shiru. An yi mata takalman roba masu riƙe dunduniya, tana tsayuwa da su, tsayuwar gaske, tafin ƙafa a ƙasa. Ba ta fara tafiya ita kaɗai ba. Ko za ta yi, ko da sanda, ko ba sanda, Allah ne Ya sani, mu dai muna zuwa duk Talata.

Talatar da ta wuce Madam ta sa ta tsakanin ƙarafa biyu da yara ke riƙewa suna koyon taku. Ina bayanta a durƙushe. Ta ɗaga ƙafa, ta yi tangaɗi, ashe hannuna ya riga ya kai ƙugunta, tsohon hali. Ta tsaya, ta waiwayo, ta haɗe gira irin yadda marigayiya take yi in na sa mata baki a girki.

"Abba, cika ni."

Uwata ce ta yi magana. Na cire hannu na sa a ƙarƙashin cinya.